Hular Mai Lamba Bakwai

Ranar Lahadin da aka karanto sunanmu a talabijin, ina tsaye a bayan ɗakin taro da kwandon safa a hannu. 'Yan wasanmu duk suna zaune a ƙasa, masu horarwa sun jingina da bango, 'yan jarida ukun da garin Calloway ya mallaka kaf sun hallara. Mai karanta jerin ya ce Jami'ar Calloway, ta ƙarshe cikin ƙungiyoyi ashirin da huɗu da za su nemi kofi, za ta je gidan Jami'ar Belmoor ranar Asabar. Ɗakin ya kaure. Ƙatti masu gemu suna kuka wiwi, wani ya ɗaga kujera sama yana juyi da ita. Ni ban yi ihu ba. Idona yana kan Dontrell, ɗan yayata, mai lamba bakwai, wanda shi ke jefa mana ƙwallo. Ya toshe kunnuwansa da hannu biyu, ya runtse ido kamar an kunna masa injin niƙa a cikin ka.

Sunana Lemuel Tarver, shekara ashirin da shida ke nan ina kula da kayan ƙungiyar ƙwallon zari-ruga ta jami'ar. Ni ke wanke riguna, ni ke gyara takalma, ni ke auna kan kowane yaro in hura wa hular kwanonsa iska har ta zauna masa daram. Aikin ba shi da wani girma, amma akwai abu guda da yake hannun mai kaya: ba a shiga fili babu hula. Idan mai duba lafiya ta ce yaro ya bugu a ka, ni ake yi wa inkiya in ɗauke hularsa in ɓoye, don in ba haka ba sai ka waiwaya ka gan shi ya koma ciki yana tangaɗi. Ban taɓa ɗauke ta kowa ba sai an ce in ɗauke.

Da can ƙungiyoyi huɗu ake zaɓa su yi sili-ɗaya-ƙwale a fitar da zakaran jami'o'i, aka mayar sha biyu, bana kuma aka ce ashirin da huɗu, wai don ƙanana irinmu su ma su ɗanɗana. An shekara ana musun nan a shagon askin Purvis. Masu so suka ce adalci ke nan, a buɗe ƙofa kowa ya gwada sa'arsa. Na ce a buɗe mana, amma a fara dawo mana da yaranmu. Duk watan Janairu manyan jami'o'i sai sun zo sun tsince duk wanda muka ciyar ya yi ƙwari ya iya tare mutum. Cikin ƙatti biyar da suka tsare Dontrell bara, uku sun tafi. Wanda yake tsare masa baya yanzu ɗan shekara sha tara ne, yaron kirki, yana waƙa a coci, amma ko ni da gwiwata guda zan iya zagaye shi. Mun saba zuwa gidan manya a watan Satumba su yi ɗumin jiki da mu, in suka ci mu maki arba'in sai su zaunar da gwanayensu su sako 'yan koyo. A Disamba babu mai zaunar da kowa. Kuma da aka ƙara yawan wasannin, satin hutun da ake bayarwa kafin a fara shi aka cinye. Kwana shida kacal muke da su.

Kwana shidan ne suka dame ni. A wasan da ya kai mu nan, saura minti huɗu, wani ya sunkuci Dontrell ya maka da ƙasa, ƙeyarsa ta fara sauka. Ya miƙe, ya ƙarasa wasan, muka ci. Ranar Litinin Madam Sikes, mai duba lafiyar 'yan wasa, ta zaunar da shi gaban kwamfuta ta yi masa gwajin ƙwaƙwalwa. Ta fito tana murmushi.

"Daidai da nasa na watan Agusta," ta ce wa Koci Maddox. "Har ya ɗan ɗara."

Koci ya ɗaga hannu sama ya gode wa Allah. Ni kuwa ban taya shi murna ba, don na san yadda aka yi na watan Agustan.

Kowace shekara kafin a fara wasanni akan zaunar da yaro yana garau, a nuna masa kalmomi da zane-zane ya haddace, ya danna maɓalli da sauri, a ajiye makinsa. Ran da ya bugu sai a sake. In makin ya gaza na farko, a hana shi wasa. To yara ba wawaye ba ne. Tun da aka kawo na'urar suka gano maganinta: a gwajin farko ka mayar da kanka dolo. Ka yi nawa, ka mance kalma biyu da gangan. Ran da kanka ya juye da gaske sai makin ya zo daidai wa daida. Ba wanda ya taɓa rubuta wannan a allo. Tsofaffi ne suke raɗa wa sababbi a ɗakin canza kaya, ni ina ninke tawul ina ji ina dariya.

Dontrell kuwa ba wani ɗan wasa ne ya raɗa masa ba. Ni ne. Shekara huɗu da suka wuce, a barandar uwarsa, muna cin soyayyiyar tarwaɗa da burodin masara, na ce masa, "Gobe kada ka je kana nuna musu kai ɗan boko ne. Ka bi a hankali."

"Kawu, ai ha'inci ne," ya ce.

"Ha'incin me? Gurbinka kake tsarewa. Zauna a benci sati biyu ka ga in wani bai gaje shi ba."

Ya yi dariya ya miƙo mini kwalbar yaji. A ranar har wani alfahari na ji, wai na ba ɗan 'yar'uwata abin da ubansa bai tsaya ya ba shi ba. Tun daga nan duk Agusta haka yake yi.

Ranar Talata na gan shi tsaye gaban kabad ɗinsa yana juya kwaɗon da ya shekara huɗu yana buɗewa, lambar ta ƙi zo masa. Laraba ya ce in sa masa baƙin gilashi a gaban hula, wai haske ya yi yawa, alhali ranar ko leƙowa rana ba ta yi ba. Alhamis da safe ina zazzage kwandon tawul na ci karo da guda an dunƙule shi, cike da amai. Na jira aka tashi daga atisaye na ja shi ɗakin kaya.

"Rufe ƙofar," na ce.

"Kawu, ina da zama da Koci."

"Ya jira. Faɗa mini watannin shekara, daga Disamba ka yi baya."

Ya kwashe da dariya. "Yau kuma likita ka zama? Mai wankin safa?"

"Mai wankin safar ne ya wanke amanka ɗazu. Faɗa."

Dariyar ta ɗauke. "Disamba. Nuwamba. Oktoba." Ya tsaya yana kallon injin wanki. Leɓensa yana motsi. "Agusta."

"Satumba fa? A cikinsa aka haife ka."

Ya zauna a kan buhun ƙwallaye ya dafe kai. Da ya ɗago idonsa ya yi ja.

"Kawu, don girman Allah. Duk masu zaɓen 'yan wasa na manyan kulob suna can ranar Asabar. Ba su taɓa zuwa Calloway ba, ko hanyar ba su sani ba. Bana zan gama makaranta. Rana ɗaya aka ba ni, ɗaya tak."

"In wancan ƙaton na Belmoor mai lamba casa'in da tara ya same ka a kan wannan kan naka fa?"

"Ba zai same ni ba. Zan saki ƙwallo da wuri." Ya goge hanci da bayan hannu. "Kai da hotonka yake rataye a shagon Purvis don ka ƙi fita daga fili, kai za ka hana ni? Kuma in ka je wa Madam Sikes da maganar, za ta ce yaya aka yi ka sani. Me za ka ce mata?"

Ya dafa kafaɗata kamar shi ne babba, ya buɗe ƙofa ya fita.

Hoton nan da ya ambata, na wasanmu da Jami'ar Tolliver ne a shekarar casa'in da ɗaya, lokacin ni ma ina ɗan wasa. An ce tun farkon wasa aka buge ni na faɗi warwas, aka shinshina mini wani abu na tashi, na ƙi fita, kuma ni na cafke ƙwallon da ya ba mu nasara da hannu ɗaya. An ce. Ni ban san an yi ba. Abu na ƙarshe da nake tunawa shi ne ina ɗaure takalmi a cikin bas, sai kuma na gan ni ranar Laraba a aji. Sama da shekara talatin mutane suna tsayar da ni a kanti suna ba ni labarin, har na iya shi, in aka roƙa ina bayarwa da hannu da ƙafa. Ban taɓa gaya wa kowa cewa daga bakinsu na koye shi ba. Yau duk makullin da ke aljihuna da takarda a manne an rubuta ƙofar da yake buɗewa, mutane suna yaba mini wai ina da tsari.

Juma'a da safe ina loda akwatunan kaya a mota sai ga Vernetta, yayata, da kwanon soyayyiyar kaza a rufe. Cocinsu ya ɗauki hayar bas uku, duk garin an manna lamba bakwai a tagogi, har gidan da ake wanke gawa.

"Lem, yaron nan lafiyarsa ƙalau kuwa?" ta ce. "Jiya ya kira ni sau biyu ya gaya mini magana ɗaya."

"Ɗoki ne, Yaya."

"Ajiye akwatin nan ka kalle ni."

Na ajiye na kalle ta.

"Kai na damƙa wa shi. Kana ganinsa kullum, ni sai Lahadi. In da wani abu ka gaya mini."

"An yi masa gwaji ya ci," na ce. "Babu komai."

Ta miƙo mini kwanon ta ce in tabbata ya ci ko cinya ɗaya ce. Tsoro ne ya hana ni magana, ba wani abu ba. Tsoron Koci, tsoron tagogin nan, tsoron abin da fuskar Madam Sikes za ta koma. Na yi ta gaya wa kaina cewa Belmoor za su yi mana kaca-kaca tun kafin a je hutun rabin lokaci, Koci ya fitar da shi don kansa, kowa ya huta. Har addu'a na yi a ci mu da wuri.

Da tsakar rana aka sa wasan. Filin Belmoor yana cin mutanen garinmu sau takwas, kuma ko masaka tsinke babu. Sanyi ya sa ƙasa ta yi tauri, na taka ta da dunduniya na ji kamar daɓen siminti. 'Yan wasansu suka fito ɗumin jiki, na ga mai casa'in da taran ido da ido. Nauyinsa laba ɗari uku, amma da ya zuba da gudu sai da na ga ya fi masu gudunmu sauri. Ƙungiyar da ta ɗauki kofi sau uku cikin shekara goma, bana ta yi tuntuɓe sau biyu aka sa ta fara da irinmu, kuma a fuskarsu kana ganin haushin hakan. Na raba huluna. Ta Dontrell na ƙara mata iska, ina hurawa ina sane da cewa iska ƙoƙon kai take tsarewa, ba ruwanta da abin da ke girgiza a ciki.

Addu'ata ba ta karɓu ba. Yaron nan ya yi wasan da ban taɓa ganin wani ya yi da rigar Calloway ba. Yana karɓar ƙwallo yana saki, kafin su iso ta bar hannunsa. Ya jefa wata doguwa, yadi arba'in, ta faɗa hannun namu a can ƙarshen fili, muka ci maki bakwai, mutum dubu casa'in suka yi tsit har muna jiyo ihun 'yan cocin Vernetta daga can ƙololuwa. Belmoor suka rama. Ya sake jefa wata, ta ratsa tsakanin mutum biyu. Sha huɗu da goma, mu ne a gaba. A benci yara suna tsalle suna dukan juna. Ni ba allon maki nake kallo ba, casa'in da tara nake ƙirga wa taku. Karon farko saura taku uku ya kai gare shi. Sai biyu. Sai ya fara taɓa rigarsa.

Saura minti uku a je hutu ya zagaye ɗan mawaƙinmu kamar ba kowa a wurin. Dontrell ya riga ya saki ƙwallo, don haka ba wani mugun duka ba ne, turewa ce kawai da ƙirji. Ko alƙalin wasa bai kalla sau biyu ba. Amma na ga ƙeyarsa ta daki ƙasa ta yi tsalle. Ya miƙe zumbur, yadda ake koya musu, ya taho benci a guje tunda ƙwallo ta koma hannun Belmoor, masu tsaron gidanmu ne za su shiga. Ya zauna a ƙarshen benci kusa da akwatina, ya cire hula ya ajiye a gefe. Na miƙa masa ruwa.

"Kawu, Mama ta zo?"

"Tana can sama. Ai ka ɗaga mata hannu ɗazu."

"To." Ya kurɓa. Ya kalli sama, ya kalle ni. "Kawu, Mama ta zo kuwa?"

Na durƙusa a gabansa. Yana murmushi, irin murmushin da yake yi yana ɗan shekara biyar in an tashe shi daga barci a mota.

"Mutane da yawa yau," ya ce. "Da su wa muke bugawa?"

Ban kai ga amsawa ba sai bencinmu ya fashe da ihu. Wani namu ya sace ƙwallo a sama, ta dawo hannunmu a tsakiyar fili. Koci Maddox yana ƙwala kira, "Bakwai! Bakwai! Ina bakwai?" Dontrell ya miƙe, jikinsa ya san kiran ko da kansa bai sani ba, ya kai hannu inda ya ajiye hula. Na riga shi. Ban san lokacin da na yanke shawara ba, na dai ga hular a hannuna. Na jefa ta a akwati, na danna kwaɗo, na haye kai na zauna.

"Kawu, hulata."

"A'a."

Koci ya iso yana huci, na'urar magana a rataye a wuya. "Lem, me ke faruwa? Ba shi hularsa!"

"Ba zan bayar ba, Koci."

"Ka haukace ne? Muna gaba da huɗu! A gidan Belmoor! Tashi daga kan akwatin nan kafin in ɗaga ka da shi!"

"Kansa ya juye."

"An gwada shi ya ci! Madam Sikes, zo ki gaya wa tsohon nan!"

Ta taho da gudu da jakarta. Dontrell ya riga ya fizge hular wani yaro yana ƙoƙarin cusa kai a ciki. Na san in ban faɗa yanzu ba, nan da daƙiƙa goma yana cikin fili, casa'in da tara yana jiransa. Saboda hayaniya dole na ɗaga murya, don haka rabin bencin ya ji.

"Gwajin ƙarya ne! Na Agusta da gangan ya faɗi, duk shekara haka yake yi! Ni na koya masa!"

Madam Sikes ta kalle ni. Shekara tara muna shan kofi tare da safe ni da matar nan. Ta juya ta riƙe hular da ke hannun Dontrell ta gaba, ta ce, "Dontrell, kalle ni. A wane gari muke?"

Ya kalli mutum dubu casa'in sanye da kalar da ba tamu ba. "Calloway," ya ce.

Ta zare hular daga hannunsa ta mayar wa mai ita. Koci ya yi jifa da takardunsa ya juya yana kiran mai jiran gado, wani ɗan aji biyu da bai taɓa jefa ƙwallo goma a wasan gaske ba. Sai a lokacin Dontrell ya gane ba zai koma ba. Ya shaƙe wuyan rigata da hannu biyu yana kuka.

"Kawu ka kashe ni! Ka kashe ni, Kawu!"

Mutum biyu suka ɓamɓare shi suka yi ciki da shi. Ni ban tashi daga kan akwatin ba har aka tashi wasa. An ce kyamara ta yi ta nuno ni a zaune kamar kaza a kan ƙwai. Belmoor hamsin da biyu, mu sha huɗu aka tashi.

Washegari masu sharhi a rediyo suka ce ga shi nan, an gani, ƙanana ba su da abin yi a wannan gasa, a koma sha biyu. Wasu suka ce ina, ai da mai lamba bakwai bai fita ba da an ga abin mamaki, a ƙara ma zuwa talatin da biyu. Suna ta yi har na kashe. Litinin aka sallame ni, aka ce in kawo makullai, na kai su da takardunsu a manne. A shagon Purvis da na shiga kowa ya yi gum, almakashi kaɗai ke magana. Hoton yana nan Purvis bai sauke ba, da ma ya sauke da na fi samun sauƙi.

Vernetta ba ta ɗaga wayata ba sai Laraba.

"Ka kalli tsabar idona ka yi mini ƙarya, Lem," ta ce. "Wannan tsakanina da kai ne, ba yau za a gama shi ba. Amma yana ta tambayarka. Ka zo."

Na je da la'asar. An ja labule ɗakin ya yi duhu, an ɗauke masa waya da talabijin. A tsakar gida ta gaya mini abin da likitar asibiti ta ce: bugu biyu cikin sati ɗaya, an yi hoton kai ba a ga jini ba, yawanci sukan dawo daidai, amma ba za ta yi alkawari ba, sai dai a jira a gani. Na shiga na zauna a kujerar da ke bakin gado. Yana kwance da tsohuwar rigarsa ta sakandare.

"Kawu," ya ce, fuskarsa ta washe. "An ce na jefa biyu a Belmoor."

"Ka jefa."

"Ba ni labari."

Na ba shi. Na gaya masa yadda ta farkon ta tashi sama har na zaci ta wuce, yadda filin ya yi tsit, yadda ta biyun ta ratsa tsakanin mutum biyu. Yana ji yana murmushi yana gyaɗa kai, na san irin gyaɗa kan nan sarai, na shekara talatin ina yin sa a kanti.

"To me ya sa na fita? Muna gaba fa aka ce."

Na gaya masa gaskiya, ban rage komai ba. Akwatin, kwaɗon, abin da na faɗa a gaban mutane. Murmushin ya gushe a hankali. Ya daɗe yana kallon silin, hawaye yana gangara masa cikin kunne.

"Rana ɗaya aka ba ni," ya ce. Ya juya ya fuskanci bango. "Fita. Kada ka ƙara zuwa."

Na miƙe. Wallahi zuciyata ta yi nauyi, amma na ce ba komai, na cancanta, ya ƙi ni har ƙarshen rayuwata in dai yana da kan da zai ƙi ni da shi. Na tsaya a falo Vernetta ta zuba mini kofi ba tare da ta kalle ni ba. Na sha rabi. Sai na tuna na bar hulata ta sanyi a kan kujera, na koma a hankali in ɗauko ba tare da na dame shi ba.

Ya ji motsin ƙofa ya juyo. Fuskarsa ta washe.

"Kawu! Yaushe ka zo? An ce na jefa biyu a Belmoor."

Na ji Vernetta ta ajiye kofi a bayana, ta zo ta tsaya a bakin ƙofa ta toshe baki da hannu. Ban taɓa roƙon Allah wani ya riƙe ni a zuciya ba sai ranar. Na ja kujerar na zauna.

"Ka jefa," na ce.

"Ba ni labari."

Na fara daga farko.